Ku bar tauraron ɗan adam ya huta, a ƙasa sautin rediyonmu yake mutuwa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu motoci da direbobinmu na Arewa, daga tashar Dogon Dutsi har zuwa Tibiri da Gesheme. Da zarar rediyon mota ya fara shuuu, murya tana zuwa tana ɗaukewa, sai ka ji wani ya ce: "Ai FM ya tsufa, yanzu zamanin satalayit ne." Dillalan mota ma sun gano lagonmu. Dillali zai nuna maka wani maɓalli a fuskar rediyo da aka rubuta SAT ko XM a kansa, ya ce maka wannan motar Amurka ce, kai tsaye take kama tauraron ɗan adam, sauti garau kamar mai maganar yana zaune kusa da kai. Wannan magana ƙarya ce, kuma ɓarnarta ta wuce kuɗin wanda aka yaudara. Ta sa mun daina tambayar inda sautin rediyonmu yake lalacewa da gaske, mun kuma daina neman wanda gyaran ya rataya a wuyansa.

Mu fara da maɓallin. Rediyon tauraron ɗan adam na cikin mota abu ne da yake akwai, amma a Amurka da Kanada. Kamfanoni biyu ne suka fara shi, XM a 2001, Sirius a 2002, sannan suka haɗe a 2008 suka zama SiriusXM. Taurarinsu Arewacin Amurka suke haskawa, kuma mai mota sai ya riƙa biyan kuɗi kafin a buɗe masa. Motar da aka loda a jirgin ruwa aka sauke a Kwatano ko Lome, tun ranar da ta baro can maɓallin nan ya mutu. Ko ka ɗora ta a kan ƙololuwar dutsen da garinmu ya ci sunansa, ka danna daga safe har magariba, ba abin da zai fito. A can ɗin ma inda yake aiki, sai da kamfanin ya kakkafa na'urorin ƙara ƙarfi a ƙasa cikin manyan birane, saboda dogayen gine-gine suna tare siginar da ke saukowa daga sama. Kuma tashoshi fiye da ɗari aka cusa a cikin ɗan siririn zango, dole aka matse sautin kowace, har masu kunnen kiɗa na can suna ƙorafin cewa bai kai na faifan CD ba. Abin da ake yi mana kwalele da shi ke nan.

Afirka ta taɓa samun nata rediyon tauraron ɗan adam, kuma labarinsa ya isa darasi. Wani ɗan asalin Habasha mai suna Noah Samara ya kafa kamfanin WorldSpace, aka harba tauraronsa AfriStar a watan Oktoban 1998, shirye-shirye suka fara saukowa a 1999. Niyyar mai kyau ce: mutumin ƙauye ya ji duniya ba tare da ƙugin gajeren zango ba. Amma akwatin ya fi ƙarfin aljihun talaka, eriyarsa kuma tana son a fuskantar da ita sama ba tare da wani abu ya gitta ba. A watan Oktoban 2008 kamfanin ya bayyana cewa ya karye, ba a daɗe ba akwatunan suka yi shiru. Wanda ya saya ya koma yana ajiye da kayan tarihi a ɗaki.

Abin da ya rayu daga wannan zamani a Nijar shi ne abin da aka dasa a ƙasa. A Bankilare, cikin jihar Tilaberi, aka buɗe gidan rediyon al'umma na farko a 1999, mai aiki da hasken rana. Akwatin WorldSpace guda ne yake sauko da bayanai daga sama, har da na yanayi, ma'aikata su juya su zuwa harsunan mutanen wurin, su watsa a FM, kowa ya kama da ɗan rediyonsa. Tauraron ya tafi, tsarin ya zauna, gidajen rediyon al'umma suka yaɗu a faɗin ƙasa. Har gobe haka abin yake tafiya. Shirin da aka haɗa a Yamai, kamar na Studio Kalangou da ya fara a 2016, ko labaran wata tasha ta ƙasar waje, yana isowa gidan rediyon da ke kusa da mu ta faranti ko ta intanet, daga nan a sake shi a FM. Wato direban da ke cewa FM ya tsufa, sau da yawa abin da ya sauko daga tauraron ɗan adam ɗin yake saurare bai sani ba.

To ku duba tafiyar da muryar nan take yi. Ta tashi daga ɗakin watsa shiri, ta hau sama kimanin kilomita 36,000, ta sauko wasu 36,000 ɗin, ta iso farantin gidan rediyo lafiya lau, in ban da lokacin da hadari mai ƙarfi ya ɗan katse ta. Sai a ƴan kilomitocin ƙarshe, tsakanin eriyar gidan rediyo da kan hanya, da kuma taƙi ɗaya na ƙarshe a cikin motar kanta, take shaƙewa. Mu kuma muka ɗaga kai muna harara sama. An bar jaki ana dukan taiki.

Bari mu ɗauki kilomitocin ƙarshen. Siginar FM, wadda ke tsakanin mita 87.5 da 108, miƙe take tafiya kamar haske, ba ta iya zagaya tudu yadda gajeren zango ke tsallake ƙasashe. Nisan da za ta kai ya dogara da tsawon ƙarfen eriya da ƙarfin na'urar da ke turo ta. Ƙasarmu kuwa kowa ya san yadda take: kwarin Dallol Mawri a tsakiya, tuddai da duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai a gefe da gefe. Mota ta gangara bayan tudu, murya ta tafi, ta hau, murya ta dawo. Wanda ke bin babbar hanya ta ɗaya daga Dosso zuwa Dutsi, tafiyar kusan kilomita 140, ko ya wuce Dankasari ya nufi Ƙonni, ya san wuraren da rediyo yake mutuwa kamar yadda ya san ramukan kwalta. Wanda ya saki kwalta ya nufi Matankari da Dogon Kirya, ko ya yi kudu wajen Dumega, ya fi kowa sani. Ƙaramin gidan rediyo mai gajeren ƙarfe da tsohuwar na'ura, wanda batiransa suka gaji, wanda ke rufewa duk lokacin da aka ɗauke wuta, ba zai iya cike waɗannan giɓɓa ba. Lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a watan Agustan 2023, ƙasa gaba ɗaya ta ga yadda abubuwa da yawa suke rataye da waya guda. Tauraron ɗan adam bai san an yi ba, yana can yana turo abinsa. Masu karɓa ne suka rasa wutar kunna na'ura.

Sai taƙin ƙarshe, wanda yake hannun mai mota da kansa. A nan akwai abin da dillali ba zai taɓa gaya maka ba. Rediyon da aka ƙera don kasuwar Amurka yana tsallake lambobi ne bibbiyu: 88.1, 88.3, 88.5, haka har ƙarshe, domin a can tashoshi a kan waɗannan lambobi kawai suke zama. A wajenmu tasha tana iya zama a kan kowace lamba. Idan taku tana kan 96.2, misali, rediyon zai tsaya a 96.1 ko 96.3, ya kama gefen muryar kawai, ta fito a shaƙe kamar mai mura. Motar da aka yaba maka saboda "satalayit" ita ce ma ta kasa kama tashar garinku daidai. Wasu irin waɗannan rediyoyi ana iya sauya musu saiti, wasu kuwa sai dai a cire a sa wani.

Ga kuma eriya. Ku tsaya a tasha ku ƙirga Hiace nawa ne eriyarsu take nan da ranta. Buhunan gero da na dankalin turawa da igiyar ɗaurin kaya sun karya ta tun tuni, an maye gurbinta da guntun waya ko an bar ramin haka nan. Inda take nan ma, ƙurar hunturu da ruwan damina sun sa gindinta ya yi tsatsa. Ƙara da cajar salula mai araha da ke soke a gaban mota, da fitilun zamani marasa inganci da ake ɗaurawa, waɗanda kan watsa tasu hayaniyar cikin zangon FM. Idan kana jin wata tsuwa da ke tashi duk lokacin da direba ya taka totur, ta sauka in ya saki, wannan daga dinamon da ke cajin batir take, ta samu hanya ne saboda ba a ɗaure wayar da ke haɗa rediyo da jikin mota da kyau ba. Mai gyaran wutar mota da ya san aikinsa zai kashe ta cikin ɗan lokaci.

Babban abin dariyar shi ne ƴar na'urar nan da ake sokawa a ramin kunna sigari, wadda wasu samari ke kira satalayit saboda tana walƙiya da shuɗin haske. Aikinta ɗaya ne: ta karɓi sauti daga salula ko memori, ta mayar da shi siginar FM mai rauni, rediyon motar ya kama. Wato mutumin da ya raina FM ya sayi gidan rediyon FM mafi rauni a duniya ya dasa a motarsa. A cikin duk hanyoyin haɗa sauti da rediyon mota, ita ce ta baya. Wayar da ake sokawa kai tsaye a ramin AUX ta fi ta nesa ba kusa ba, memori a ramin USB na rediyon kansa ya fi, ko Bluetooth ɗin da aka ƙera rediyon da shi. Tsohon kaset mai jela da ake turawa cikin rediyo ma sau da yawa ya fi ta tsabtar sauti. Sannan abin da ake zubawa a ciki, waƙa ko wa'azin da ya bi ta WhatsApp, aka naɗa daga lasifikar wani, aka sake turawa, ya riga ya zube tun kafin ya iso. Ko ka cika bayan mota da manyan lasifikoki, ƙarar kawai za ka ƙara.

Wani zai ce, to duk wannan surutu a kan sautin rediyon mota? Ina ruwan wanda ba shi da ko keke? Da ruwansa, domin motar haya a Arewa zaure ce. Mutum goma sha tara ne ko fiye a ciki, manomi da ƴar kasuwa da malamin makaranta da tsohuwar da za ta asibiti, sun zauna wuri guda na awa biyu ko uku, kunnuwansu a hannun direba. A da, a nan ake jin labaran Muryar Sahel, a ji sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure, da cigiyar dabbar da ta ɓata, da ranar rigakafin yara, da hasashen damina. Lokacin kokowar takobin ƙasa, in Issaka Issaka ya shiga fili, mota gaba ɗaya takan koma ƴan Dosso, har wanda bai taɓa kallon kokowa ba. Wanda ya sauka a ƙauyensu ya sauka da labari, ya kai wa waɗanda ba su yi tafiyar ba.

Yau direba ya gaji da shuuu, ya kashe rediyo ya soka memori. Ban ƙi waƙa ba, ban ƙi wa'azi ba. Abin da nake tsoro shi ne ɗaya kayan da ke biyo su: muryoyin da ba a san mai su ba. Wani ya naɗi kansa yana cewa an kai hari wuri kaza, ko an ga wasu mutane sun tsallako iyaka, ko maganin kaza yana kashe yara. Ba suna, ba rana, ba wurin da za a je a tambaye shi. Muryar kuwa tana fita tangaran, ta fi ta gidan rediyo daɗin ji. A yankin da ke kan iyaka da jihohin Kebbi da Sakkwato, inda maganar tsaro ta hana mutane barci, irin wannan murya tana iya watsa kasuwa, tana iya sa a far wa baƙon da bai ji ba bai gani ba. Ma'aikacin gidan rediyon garinku, komai ƙarancin albashinsa, kun san gidansu, kun san ubansa. In ya faɗi abin da ba haka ba, gobe za a tare shi a masallaci. Duk lokacin da sautinsa ya kasa isa kan hanya, wanda ba a san fuskarsa ba ne yake hawa kujerarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na san amsar ƴan boko: intanet ta zo, kowa zai saurari tashar da yake so a salula, ga Starlink ma an ba shi izinin aiki a Nijar. Madalla, ina maraba da shi. Amma a gaya mini, kilomita nawa rezo yake bin mota ba tare da ya yanke ba in an bar kwalta? Wa zai riƙa sayen data kullum don fasinja su ji labarai, direban da ke lissafin kuɗin mai da na kan hanya? Farantin Starlink da kuɗinsa na wata-wata kuwa na ofis ne da na mai hali. Rediyon FM ba ya tambayar kowa ko dala. Mutum dubu su kunna, mutum dubu ɗari su kunna, ba ya nauyi, ba ya cewa kuɗinka ya ƙare. Ranar da intanet ta kai haka a Sukukutan, sai mu sake zama. Kafin nan, hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Akwai kuma darasin da ƴan shekarun nan suka koya mana game da jingina da abin da ke zuwa daga nesa. An dakatar da RFI a Nijar a watan Agustan 2023. An dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024. Muryar Amurka, wadda ta fara Hausa tun 1979, daga Washington aka sa hannu a takarda a watan Maris na 2025 ta yi shiru. Kowa yana da ra'ayinsa a kan waɗannan matakai, kuma ba su ne zancena a yau ba. Abin lura shi ne, muryar da ke zuwa daga nesa tana iya ɗaukewa dare ɗaya, ko don kamfani ya karye kamar WorldSpace, ko don wata gwamnati, tamu ko tasu, ta yanke shawara. Zanen aro ba ya rufe katara. Abin da zai zauna tare da mu shi ne gidan rediyon da ke cikin garinmu, mai magana da Hausarmu ta Arawa, in mun riƙe shi. Ƙasar da ta kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo tun farkon shekarun 1960, mutanen ƙauye suna taruwa su saurara su kuma mayar da martani, bai kamata a ce ita ake koya wa darajar wannan abu ba.

Saboda haka ga inda nake ganin gyara yake. Dillalai, ku ji tsoron Allah ku daina sayar da mataccen maɓalli. In motar Amurka ce, ku gaya wa mai saye gaskiya cewa rediyonta yana iya buƙatar saiti ko canji. Mai saye, kafin ka biya, kunna rediyo ka nemi tashar garinku, ka ga ko lambarta tana fitowa daidai.

Direbobi, ƴan'uwana, kuɗin da kuke zubawa a lasifika da fitilu masu walƙiya, kaɗan daga ciki ya isa a sa sabuwar eriya, a kankare tsatsa, a ɗaure waya da kyau, a jefar da cajar da ke kawo hayaniya. In lokacin labarai ya yi, a cire memori na minti goma sha biyar. Fasinja suna da haƙƙi a kan abin da ake zuba musu a kunne, kuma shugabannin tasha suna iya mayar da wannan al'ada ba tare da an kai ga doka ba.

Hukumomin ƙananan hukumomi goma na gundumomin nan biyu, shida a Dogon Dutsi, huɗu a Tibiri tun da aka ba ta gundumarta a 2011, ku ne kuka fi kowa aika sanarwa gidan rediyo. Ku riƙa biya a kan lokaci, ku kuma sa batir da farantin hasken rana da ƙarin tsawon ƙarfen eriya a cikin kasafin kuɗinku, kamar yadda kuke sa rijiya da ɗakin aji. A ɗauki mota guda da rediyo mai lafiya a bi hanyoyin gundumar, a rubuta duk inda murya take ɗaukewa. Aikin kwana biyu ne, kuma da shi za a san inda ake buƙatar ƙaramar na'urar ƙara zango. Ƴan Arewa mazauna Yamai da Kwatano da Legas, masu gasar gina masallaci da raba buhuna da azumi, Allah Ya saka da alheri, amma batiran gidan rediyon garinku ma sadaka ce mai gudana.

Su ma gidajen rediyon ba zan bar su ba. Wani lokaci siginar tana da ƙarfi, amma abin da aka ɗora mata ne ya lalace: makirufo ya tsage, an buɗe ƙara har murya tana fashewa, an kara salula a bakin makirufo ana watsa hira. Mai saurare ba ya raba wannan da wancan, cewa zai yi rediyo ba ya fita, ya kashe. Ku riƙa fita da ɗan akwati kuna jin kanku yadda mutane ke jin ku.

Duk abin da na lissafa ba wanda yake buƙatar a harba wani abu sama. Tsani yake so, da sabuwar waya, da batir, da mutanen da suka yarda cewa muryar garinsu ta cancanci a ji ta har bayan tudu. Allah Ya ba mu ikon gyarawa, Ya kai matafiya gida lafiya.